Shekarar da Na Sassaƙa Dogo

Kun sha ji ana ce da ni Ilu Mai Gunki, kuma na san a cikinku akwai waɗanda suka yi dambe a makaranta saboda wannan suna. Ku bar dambe. Ni da aka laƙaba wa ina amsawa, wani lokacin ma in mai kiran ya yi nauyin baki ni ke tuna masa. Abin da ba na so shi ne ku ɗauki labarin daga bakin Kawunku Hadi kaɗai, don in shi ke bayarwa sai ku rantse durƙushe ya same ni ina sujada. Ga nawa, da wannan rubutu nawa mai kama da tonon kaji. Karatun allo na bar shi ranar da malam ya ce hannunsa ya gaji, na boko kuma na yaƙi da jahilci ne, kun dai san wanda ya ci yaƙin.

Abin ya faru ne a daminar da ta biyo bayan ƙaddamar da shari'a, ko wadda ke bin ta, innarku ta fi ni riƙe irin wannan. Lokacin gari ya ɗau zafi. An rufe gidajen giya, masu garaya da 'yan bori sun tattara komatsansu sun bi ta Mai'adua sun tsallake iyaka, bokayen da suka rage kowa ya sayi dogon carbi. Samarin da jiya muke kora daga gonar gyaɗa suka wayi gari da gemu da kwamiti. Kawunku Hadi na cikinsu, shi ne ma mai riƙe lasifika. Ni na san shi tun yana yawo ba wando lokacin da nake zuwa zance wurin yayarsa, ga shi ƙanen mata abokin wasa ne, don haka ban taɓa kallon gemun nan ban yi dariya ba. Ban ƙi shari'a ba fa, ku sani. Na je taron ƙaddamarwar, na yi kabbara har muryata ta dushe. Sai dai na ɗauka saboda wasu aka kawo ta.

A shekarar na samu wata ƙirya da iska ta kayar a wajen Sandamu. Ƙirya itace ce mai taurin kai, tana cinye bakin gizago, amma turminta sai jika ya gada. A gindin na fitar da turmi biyu, ɗaya ya tafi kasuwa, ɗaya innarku ta riƙe. Rassan suka shiga murhu. Sai wani gungume ya rage, dogo, mai ɗan lanƙwasa, ya yi wa taɓarya kauri ya yi wa turmi siranta, yana yashe a ƙofar gida awaki na hawa. Gonata ta gero kuwa tana bakin hanyar ƙafa da matan ƙauye ke bi zuwa kasuwar Daura, kuma tsuntsayen jan-baki sun sa ta gaba. Ku duk kuna makaranta, ba mai tsaro. Mutum-mutumin kara da tsumma tsuntsayenmu sun sauke karatunsa tuni, a kansa suke hutawa in sun ƙoshi. Na ce bari in yi musu wanda zai yi kama da mutum sosai. Niyyata ma in ba shi fuskar Hadi, in an tambaye ni in ce na ga ya iya korar mutane ne, bari ya gwada tsuntsu.

Ban taɓa sassaƙa fuska ba. Turmi, akushi, ƙotar fartanya, allo, kujerar mata, nan iyakata, nan ne kuma iyakar ubana da ya koya mini. Amma da na kafa gizago sai na ga abin mamaki. Na fitar da goshi, na gangaro hanci, sai hannun ya riƙa tafiya gabana kamar jakin da ya san hanyar gida. Na ajiye gizago na ɗau ƙaramar wuƙa. Tuwo ya huce a gefena, na bar masu jiran ƙota suna ta sallama. Da na gama, fuskar ko kusa ba ta yi kama da Hadi ba. Wani dattijo ne ya fito, idonsa a ɗan lumshe kamar mai sauraron ƙara. Innarku ta zo wucewa da tsintsiya, ta tsaya ta daɗe tana kallo.

"Malam, wannan ba na tsuntsu ba ne."

"To na wane ne?"

"Oho. Ni dai na san tsuntsu bai damu da kyan kunne ba."

Na ɗora shi a amalanke na kai gona, na kafa shi a bakin hanya, na sa masa tsohuwar rigata da malfa. Tsuntsu ya ji tsoro kuwa, har na fara tunanin na samu sabuwar sana'a. Matan da ke wucewa suka sa masa suna Dogo. Da fari wasa ne: sannu Dogo, ya rana Dogo, yau ma ba ka je kasuwa ba Dogo. Sai wata tsohuwa mai daddawa, Iya Tabawa, akuyarta ta ɓace. Da ta zo wucewa ta ce masa, kai da kake tsaye kullum, in ka ga akuyata ka koro mini ita. Washegari akuya ta koma gida da ƙafarta, yadda awaki ke yi tun da aka halicce su. Iya Tabawa ta ajiye wa Dogo goro ɗaya a gindinsa tana dariya, ta ce tukuici ne. Na je na tarar da goro, fari tas, na ce to ni ne wakilin Dogo, na ɓare na ci.

Daga nan goro ya fara yawa. Aka fara ɗaura ƙyalle a hannun rigarsa. Na tarar da dunƙulen fura a ganye, na tarar da ƙwai. Yanzu da nake tsufa na gane cewa matan nan a da suna da inda suke kai kukansu, in mai garaya ya kaɗa su faɗi abin da ke cin su, sai aka wayi gari an kulle ƙofar ba a buɗe musu wata ba. Amma a lokacin ban yi wannan tunanin ba. Ni dai abin ɗaure mini kai yake. Itacen nan ni na sare shi, na san inda gara ta ci shi ta baya na cike da ƙasa. Me suke gani? Sai na riƙa zuwa ranar kasuwa da hantsi in zauna cikin gero, wanda ya riga ya fi ni tsawo, ina saurare. Na ji mai son mijinta ya dawo daga cirani, na ji mai ciwon ƙugu, na ji wadda kawai ta zauna ta yi kuka ta face hanci ta tashi. Ba wadda ta ce masa Allah. Hira suke yi da shi, irin ta wanda ba ya katse ka.

Wata rana wata matashiya ta zo, Lantana sunanta, daga wani ƙauye a hanyar Zango, da yaro goye ya yi laushi kamar jiƙaƙƙen tsumma. Ta kwanto jan zakara daga ƙarƙashin mayafi ta ɗaure ƙafarsa a jikin Dogo. Ita ba ta yi wasa ba. Ta durƙusa, ta ce ya dubi yaron nan, ba ta da kowa, ya taimake ta. Muryarta ƙasa-ƙasa, tana rawa. Ina jin komai, tsakanina da ita kunya biyu ce ta gero. Na ce in tashi, sai na ga in na fito za ta ji kunya. Na ce in yi tari, sai na ji tsoron ta ɗauka Dogo ne. Har ta tafi ina shawara. Zakara kuma ba a barinsa a gona, sai na saɓo shi na kawo gida.

"Wa ya ba ka zakara?" in ji innarku.

Na ba ta labari ina ƙoƙarin sa dariya a ciki, kamar yadda na saba. Ba ta yi ba. Ta tambaye ni goron da nake ta kawo mata kwanan nan daga ina, na faɗa. Ta je ta kurkure baki, alhali rabonta da goro tun jiya.

Kafin la'asar sai ga Hadi da abokansa na kwamiti, ashe labarin Dogo ya daɗe da isa kunnensu, zakaran nan da aka gan ni da shi ne ya cika hujja. Bai ko zauna ba. Ya ce na sassaƙa gunki, na kafa shi, ana yi masa bauta ina karɓar hadaya, wannan fita ce daga Musulunci, wanda kuma ya fita aurensa ya warware. Ya ce yayarsa ba za ta ƙara kwana a gidan ba sai malamai sun zauna. Na ce masa, kai Hadi, ni na share maka majina fa. Ya ce ba da Hadi nake magana ba, da shari'a nake. Na juya ina jiran innarku ta kore shi da muciya kamar yadda ta sha yi. Sai na ga ta fito da ƙunshin kayanta a ka, zakaran a hammata. Auren da ya haifi ku duka, har da waɗanda muka binne, ya bi ta ƙofar zaure ya fita ina tsaye da gizago a hannu.

Na kwana biyu ina dafa wake, shi kaɗai na iya. Ba wanda zan yi shawara da shi, don a majalisa kowa ya zama malami. Sai na tuna da Istifanus mai injin niƙa, abokin darata. Bahaushe ne kamar ni, daga kudancin Katsina, iyayensa Maguzawa ne da suka shiga coci. A lissafina na lokacin, in dai maganar gunki ce to wurin gwani na je, don na taɓa leƙa wani coci a Kano na hango mutum-mutumi a tsaye. Na same shi fari fat da gari har gira.

"Istifanus, na zo wurinka ne a matsayinka na masani. Ku da kuka daɗe a harkar gumaka, ya ake gane an shiga?"

Ya yi dariya har sai da ya kashe injin. Ya ce su cocinsu ko hoto babu, benci ne da ganga. Ya ce in da zan ji abin da littafinsu ke faɗa a kan gunki da na ce Hadi mai sauƙi ne. Ya wanke hannu, ya zaro littafin daga cikin leda a saman katanga, da Hausa aka rubuta shi, ya yi ta buɗe-buɗe har ya samu wurin. Ba zan iya maimaita muku kalmomin ba, amma ga abin da ke ciki. Wani mutum ne ya sare itace. Ya ɗauki wani sashe ya hura wuta, ya gasa nama ya ci, ya ji ɗumi ya yi hamdala. Abin da ya rage ya zauna ya sassaƙa shi da siffar mutum, ya faɗi gabansa yana roƙo ya cece shi. Mai littafin kuma sai tsiya yake masa, wai ko sau ɗaya bai tsaya ya ce wa kansa, kai, ɗan'uwan wannan fa na dafa abinci da shi ɗazu.

Na matso kusa da shi.

"Wa ya kai musu labarina? An ambaci turmi?"

"Ba turmi. Amma saurara, akwai wani."

Ya sake buɗe wani wuri, inda aka ce gumaka kamar mutum-mutumin da ake kafawa a gona suke, ba sa magana, ba sa tafiya sai an ɗauke su, ba sa cuta ba sa magani. Na ce Istifanus ƙari kake yi, don ka ga ban iya ƙananan baƙaƙe ba. Ya kama yatsana ya ɗora a kan layin, kamar yatsa na karatu. Na yi ta kallon takardar. Mutanen nan sun yi zamani tun kafin a haƙa rijiyar farko a Daura, a wata ƙasa can, amma suna da masassaƙa, suna da tsuntsu mai cin amfanin gona, suna da irina. Raina ya ɗan ɓaci kuma da na ga duk inda aka zo zagi masassaƙi ake fara kamawa.

"To ai ni ban yi don bauta ba," na ce. "Don tsuntsu na yi."

Nan ya rufe littafin ya ba ni wani labarin da ka. Ya ce a zamanin Annabi Musa macizai sun addabi jama'a a jeji, aka umarce shi ya ƙera maciji na tagulla ya ɗaga a kan sanda, wanda aka sara in ya duba ya warke. Da izini aka yi shi, don alheri. Aka ajiye shi, zamani ya wuce, jikoki suka taso suka same shi, suka fara ƙona masa turare. Sai da wani sarki mai tsoron Allah ya zo ya farfasa shi.

"Wanda ya ƙera bai yi laifi ba," in ji Istifanus. "Amma an farfasa."

Na tambaye shi abin da ke cina tun ina zaune cikin gero. Na ce to wace rana ce abin ke juyawa? Jiya tagulla, yau abin bauta. Jiya itacen tsuntsu, yau ana ɗaure masa zakara. Akwai alama? Ya ce littafin bai faɗi ranar ba. Ya ce amma babansa, kafin ya shiga coci, yana da wani dutse a gindin tsamiya da yake zuba wa jini. Bai taɓa cewa dutsen ne ya halicce shi ba. Abin da yake cewa, Allah na nesa, dutse na kusa. Ya kunna injinsa, na tafi ina juya maganar.

Aka zauna a zauren mai unguwa. Tsohon limaminmu, Allah Ya jiƙansa, shi aka ba maganar. Hadi ya yi bayani mai tsawo da Larabci a ciki. Liman ya juyo gare ni.

"Ilu, ka taɓa yi masa sujada?"

"Allah Ya kiyaye, Malam."

"Ka taɓa roƙonsa wani abu?"

"Goronsa kawai na ci."

Zaure ya fashe da dariya, ni kuma da na ga an yi dariya sai bakina ya buɗe. Na ce ai ma irin wannan ta taɓa faruwa da macijin tagulla. Hadi ya ce a ina na ji. Na ce wurin Istifanus. Ya miƙe tsaye ya ce jama'a ku shaida, daga gunki ya wuce coci. Liman ya ce ya zauna. Ya ce ba sai na je aro ba, mu ma muna da shi a gida: mutanen da suka gabaci Annabi Nuhu wasu salihai ne suka mutu a cikinsu, aka sassaƙa kamanninsu don a riƙa tunawa da su kawai, 'ya'ya suka taso suka gaishe su, jikoki suka taso suka bauta musu. Ya yanke cewa ban fita daga addini ba, aure na nan daram. Amma in sare Dogo da hannuna a gaban matan da ke zuwa, in yi istigfari, kada in ƙara sassaƙa fuskar mai rai.

Ranar kasuwa da hantsi na je da gatari. Mata suka taru, Hadi na gefe da lasifika yana musu wa'azi. Iya Tabawa ta ce wayyo Dogo, ko sallama ba a bari mun yi ba. Lantana ba ta zo ba; daga baya na ji ashe innarku ta bi sawunta har ƙauyensu, ta mayar mata da zakaranta, ta raka ta asibiti, yaron kuma ya tashi. Na cire masa riga da malfa, na fara da wuya. Ƙirya ce, ta sa ni gumi. Da kan ya faɗi ya gangara cikin kunya ya kwanta a gefe ɗaya, na sunkuya in ɗauka, sai na tsaya. Haka Baba ya kwanta ranar da muka yi masa wankan gawa, kunci a ƙasa, ido a ɗan lumshe. Goshinsa ne, hancinsa ne, har kunnen. Ubana bai taɓa tsayawa gaban mai hoto ba, na ɗauka fuskarsa ta ɓace mini, ashe tana cikin hannuna. Na waiga, kowa na kallon Hadi. Na tura kan cikin buhu, na faskare sauran, na aika da itacen gidan Hadi a amalanke don a ga shaida. Kan kuma na kai shi rumbu na binne cikin gero.

Na jira innarku ta dawo, shiru. Na sa riga mai kyau na je biko. Na same ta a tsakar gidan Hadi tana tankaɗe.

"Liman ya ce aure na nan."

"Na ji."

"To me ake jira?"

"An kawo itace. Na ga ƙafa, na ga kafaɗa. Ina kan?"

Na ce ya farfashe wajen sara. Ta ce to, ta ci gaba da tankaɗe. Na dawo gida na dafa wake.

Tunda ba ta nan, ni ke shiga rumbu da safe in ɗebo hatsi. Sai in tono shi in share masa ƙaiƙayi in duba in mayar. Ba laifi a kallo, haka na ce wa kaina. Wata safiya na ji na ce masa ina kwana. Na yi wa kaina dariya. Aka kwana biyu, ranar na tashi da ciwon baya, ga gida kaca-kaca, ga wake ya ƙone, na shiga na tono shi na ɗora a gwiwa. Na ce, Baba, ta ƙi dawowa, ya zan yi? Ban gama rufe baki ba na ji yadda muryata ta fita. Ƙasa-ƙasa, tana rawa. Irin ta Lantana ce sak. Na daɗe zaune cikin zafin rumbu. Tambayar da na kai wa Istifanus ga amsarta, kuma ba wata alama, ba tsawa, ba girgiza. Safiya ce kamar kowace, kaji na tono a waje.

Na sa shi a buhu na nufi gidan Hadi. Innarku na bakin murhu ta ɗora ruwan tuwo. Na zazzage buhun a gabanta. Ta dube shi, ta sa gefen zane ta goge masa goshi.

"Baba ne," na ce.

"Na sani. Tun ranar da ka gama shi na sani."

"Me ya hana ki faɗa?"

"Na ɗauka ka sani kai ma, kana jin kunya ne."

Na tura mata shi a hankali, ina so ita ta sa mini shi a wuta. Ta sauke tukunya ta ajiye gefe, ta ja da baya.

"Ni ban sassaƙa ba, Malam. Kai za ka sa."

Na sa. Da wani itace ne da an gama nan take, amma ƙirya ba ta sauri. Kunnen ya fara kamawa, sannan gemu, fuskar kuma ta yi ta kallona ta cikin wuta. Hadi ya leƙo zai yi magana, yayarsa ta dube shi sau ɗaya ya koma. Ta jawo kujera ta zauna kusa da ni har goshin ya tsage ya zama garwashi. Sannan ta mayar da tukunya ta tuƙa tuwon gidan ƙanenta a kai. Daga ranar ban ƙara fitar da ko hanci a jikin itace ba. Wani lokaci ina cikin rarake turmi sai in ji hannun na son ya karkata, in ajiye gizago in je in sha ruwa. Sassaƙa fuska shi ne abu ɗaya da na taɓa iyawa fiye da kowa a garin nan, kuma sau ɗaya na yi shi.

Da ta kwashe tuwo ta wanke hannu, ta shiga ɗaki ta fito da mayafi da ƙunshin kayanta. Na miƙe ina gyara hula zan wuce gaba, irin na maigida. Ta miƙo mini ƙunshin.

"Ɗauki. Wuyana ya gaji."

Na ɗora a ka. Ta shige gaba, na bi ta a baya ta tsakiyar unguwa da rana tsaka, 'yan majalisa na zaune a inuwa suna kallo, wani ya ɗaga murya ya ce Mai Gunki, an samu sabon aiki ke nan? Na ce masa eh, kuma ba na neman canji.